Jimina Mai Birki

Aska na hannun wanzamin unguwar Balad ta Jidda aka shigo masa da wani baƙo.

"Ya ammi, ya baffa, ga abokin tafiyarka!" in ji maƙwabcinsa tela. "Ma'aikacin jirgin ruwa ne, shekara uku ya yi a hamadar Namib ɗin nan taka."

Nan take wanzami ya dakata da askin. Tun 1958 yake shayar da Hausawan Jidda labarin ƙasar nan ta kudancin Afirka: tuddan jan rairayi da suka fi hasumiyar masallaci tsawo, zakuna na shan iska a bakin teku, jiminai da sirdi. Alhali hoto ɗaya tak ya gani a jikin tsohuwar kalanda, sauran duk daga kansa ya ƙaro. Asiri na tonuwa, ko bikin yaye ba za a ƙara gayyatarsa ba.

Kafin a ce me, shago ya cika. Wani dattijo mai rabin aski ya ce, "Yalla, ɗana, da gaske ana hawan jimina a je kasuwa?"

Baƙon ya dubi wanzami. "Wallahi gaskiya ne, baba. Tawa ma har da birki."

Shago ya kaure da salati, wanzami yana gyaɗa kai yana sharce gumi.

Da aka watse, baƙon ya matso, ya rage murya. "Don Allah, ammi, ƙara mini bayanin ƙasar nan. Gobe surukaina ke jiran labari, ni kuwa jirginmu bai taɓa wuce tashar Yanbu ta nan Saudiyya ba."