Inda Baba Yake Zuba Raga

"Sauke shi," in ji yayanta. "Yanzun nan."

Shekara talatin tana zana gaɓar tekun ƙauyensu, shekara talatin yayan nata masunci yana ce mata jagwalgwalo take yi. Ranar da aka rataye zanenta a babban zauren baje koli na birnin Edinburgh, da ƙyar ta jawo shi, yana ta mita cikin kwat ɗinsa na zuwa coci.

"Yaya, ba kai ka ce ba ka ganin komai a aikina sai hazo ba?"

Ya rage murya. "Ke, daga ina kika zana wannan?"

"Daga cikin kwalekwalen Baba."

"Ai na gani. Ga hasumiyar coci ta yi saiti da tsagin dutse. Duk masuncin da ya kalli wannan ya san inda muke zuba raga. Wurin da Baba ya ɓoye wa gari kaf har ya mutu, shi kika shanya wa duniya?"

Dariya ta cika mata ciki. Masana sun yabi launi, sun yabi haske, amma ba wanda ya taɓa gane wurin sai shi.

"Ba zan sauke ba."

Sai ya matsa dab da zanen, ya kare hasumiyar da faffaɗan bayansa har aka tashi.

Washegari jarida ta buga hotonsa: tsohon masunci da zane ya tafi da hankalinsa, awa shida bai motsa ba. Ta yanke shafin ta manna a bangon ɗakinta.

Har yau bai ƙaryata ba.