Sabuwar Jiniya a Masana'antar Taki

Jiniya na ta kuka lokacin da na faɗa ɗakin cin abinci a guje.

"Ku fita! Bututun iskar ammoniya mai guba ya fashe!"

Cikin ma'aikata arba'in babu wanda ya ajiye cokali. Kawu Stoimen, shugabansu, ya tsoma burodi a miyar wake.

"Tsveta 'yar boko, mun ji, abin naki yana aiki. Zauna ki ci, kin rame."

Aka kwashe da dariya.

Wata shida na yi ina cire tsofaffin na'urorin ƙararrawa na masana'antar nan ina saka sababbi. Yau cikin daƙiƙa uku suka gano yoyon. Ta tagar da suka ba wa baya, ina hango farin hayaƙi yana rarrafowa wajenmu.

Na kama hannun rigarsa. "Don Allah, Kawu, wannan na gaske ne!"

Bai ko waiwaya ba. Da cokali ya nuna takardar da ke manne a ƙofa:

"Duk Laraba, ƙarfe sha biyun rana, gwajin jiniya ne. Kada kowa ya bar wurinsa."

Yau Laraba, sha biyu daidai. Sa hannun da ke ƙasan takardar kuwa nawa ne.