Akwatin Gimbiya

Nata'ala ya jera akwatunan gilashi tara a kan tebur, ya kunna wa kowanne fitilar ɗumi, ya jefa musu gyare bibbiyu. Tsaka shida, hawainiya uku. Na goman ya ajiye shi a tsakiya, cike maƙil da ɗanyen ganye, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya jingina kwali a jiki: duk wanda ya hango hawainiya Gimbiya a ciki yana da kofin shayi kyauta.

Baje kolin dabbobi masu jan ciki ne, a zauren wasanni na ƙaramar hukumar Lewisham a Landan, cikin watan Mayun 1994. Sau ɗaya ake yi a shekara, shi kuwa tun Janairu yake yin booking ɗin teburinsa.

Karatu ya kawo shi Landan daga Funtuwa. Karatun ya ƙi, ya koma goge keji a wani shagon dabbobi a Peckham, har ya iya kiwo da kansa. Daga nan komai ya lalace. Wata Juma'a abokai uku suka zo masa cin tuwo, ɗaya ya ɗaga kai ya ga tsaka manne a gilashi tana kallon miya. Ko takalmi ba su tsaya ɗaurewa ba. Kafin sati labari ya kai kunnen Hausawan Camberwell: Nata'ala na kwana da tsaka, abin da ake bugewa da bugu ɗaya don neman lada. Ana amsa masa sallama a masallaci, amma a taron suna ba mai sa hannu a kwanonsa. Shekara bakwai ke nan ba wanda ya danna ƙararrawar flat ɗinsa sai mai duba mita.

Shi ya sa yake son wannan rana. Mai sayen tsaka minti biyu ne ya tafi, amma mai neman Gimbiya sai ya yi rabin awa da hanci a jikin gilashi, Nata'ala na gefe yana zuba. Ya ba su labarin ramar gonar kakarsa, da yadda hawainiya ke tafiya kamar amarya mai sabon takalmi. In sun tambayi dalilin rashin fitila, ya ce Gimbiya ba ta son haske. In sun nemi saye, ya ce ko da zauren nan za a ba shi, bai sayar ba. Ƙarshe su miƙe, su murza ido, su ce sun kasa. Flask ɗin shayinsa bai taɓa raguwa ba.

Bayan azahar wata tsaka mai ɗigo-ɗigo ta sulale daga hannun wani mai ciniki, ta bi ƙafar tebur ta sauka ƙasa. Turawa suka ja baya a hankali suna shhh. Sai ga matar da ke sharar zauren, wadda ya wuce da safe a bakin ƙofa kusa da shingen shuke-shuke, ta yar da tsintsiya, ta zare silifa, ta ɗaga sama.

"Bismillahi!"

"Hajiya, tsaya!" Nata'ala ya faɗi warwas ya rufe tsakar da hula. "Jarina ne za ki aika lahira!"

Ta tsaya da silifa a sama, baki buɗe. "Kai, da Hausa ka yi magana?"

Sunanta Amamata, 'yar zangon Kumasi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna Birmingham, in ta yi musu Hausa a waya su amsa da Turanci.

"To kai ne mutumin da ake faɗi," ta ce, tana mayar da silifar. "Mai tsaka. Malam, duk sana'ar da ke Landan ka rasa ta yi?"

"Su ne kaɗai ba sa gudu in na buɗe tukunya."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi kwalin, ta dubi flask ɗin. "Shayi kawai? Rowa."

"Wannan na Bature ne. Ɗan gida in ya gano ta, tuwo ne da miyar kuka, a flat ɗina." Ya mayar da tsakar cikin akwatinta. "Tsaka talatin ne a falo, gara in faɗa miki."

"A'uzubillahi," in ji Amamata, ta ja baya taku biyu. Ta ɗauki tsintsiyarta ta tafi.

Ya bi ta da ido har ta ɓace bayan masu macizai. Ƙarfe biyar aka fara naɗe tebura. Yana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, sai ya ji ƙarar bokiti a bayansa.

Amamata ta sunkuya gaban akwati na goma. Ko ƙiftawa uku ba ta yi ba ta ɗora yatsa a gilashi.

"Ga shi can. Bayan babban ganyen nan, ya naɗe wutsiya. Har harara na yake."

Nata'ala ya dubi inda yatsan yake. Ya daɗe yana dubawa.

"Ita ce," ya ce a hankali.

"Lahadi bayan la'asar. Ka rufe tukunya da kyau, kuma da silifata zan zauna."

Ya rubuta mata lambar gida a bayan kwalin. Da zauren ya watse ya ɗauki akwatin ya fita, ya juye shi a gindin shingen bakin ƙofa, daidai inda Amamata ta tsaya da tsintsiya da safe tana kallonsa yana tsinkar ganyen yana cusawa a akwatin da babu kowa a ciki tun da sanyin 1991 ya kashe Gimbiya.