Tara Sun Ƙone

Hoto goma sha biyu ta shimfiɗa wa mai koya musu ɗaukar hoto, duk na dutsen da ajinsu ya hau.

"Ɗalibata, tara sun ƙone. Sama ta yi fari fat, babu gajimare. A kan me kike auna haske?"



Ya matso da fuskarsa kusa da hotunan. A gefen kowane hoto akwai mutum tsaye a inuwa, shi kaɗai ya fito tangaran. Ya gane rigar, tasa ce.

"Kin ɓata dutse guda saboda ni?"

"Kai ne gwani, Malam. In gyara ko in bari?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Ki bari. Yaushe ake samun Baba a gida?"