Tela da Ƙafar da Ta Daina Zafi

Akwai wani tela mai ciwon suga, gwanin ɗinkin kaftani, wanda ba ya taka keke sai da waya a gefensa tana magana. Mutum biyu yake saurare cikin masu shirin lafiya. Na farko muryarsa kamar an shafa mata man shanu. Ba a taɓa yi masa tambayar da ya ce bai sani ba, kuma kowace cuta garin magani ɗaya da yake sayarwa ne maganinta, daga basir har ciwon ƙoda. Na biyu kuwa ɗan i'ina ne, kullum zancensa bai wuce a je a auna jini ba, kuma sau da yawa yakan ce wannan sai likita ya gani da idonsa. Tela ya auna su da mudun kasuwa: mai kayan kirki ba ya kame-kame. Ya watsar da mai i'ina, ya ajiye ƙwayoyin asibiti, ya koma shan gari. Abin takaicin shi ne, wannan mutum ko ɗan'uwansa ne ya faɗa masa awonsa da baki ba ya sa almakashi a yadi, sai ya auna da kansa. Amma jininsa, sai ya bar wa wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Da ma tafin ƙafar telan na yi masa zugi kamar ya taka garwashi. Bayan wasu watanni zugin ya ɗauke ɗif. Ya yi murna ƙwarai, don mai gari ya sha faɗa cewa inda zafi ya tafi, cuta ta tafi. Bai san jijiyar da ke kai labarin zafin ce ta mutu ba. Ana cikin rububin ɗinkin sallah, yana taka keke ba takalmi yadda ya saba, sai karyayyiyar allura ta shige masa dunduniya. Bai ji komai ba. Matarsa ce ta fara jin wari, ta duba ta ga wurin ya yi baƙi, ta ce, "Maigida, don Allah mu je asibiti." Ya ce ai ba ya ciwo, kuma ga kayan mutane jibge. Ya barbaɗa gari, ya ɗaure da ƙyalle, ya koma kan keke. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, a kwance aka kai shi. Likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ƙafar dama, wadda yake ci da iyalinsa da ita.

Da ya ɗan farfaɗo, ya aika wa mai gari saƙon murya yana kuka, ya faɗi duk abin da ya faru. Ba a amsa ba. A shiri na gaba dai ya ji muryar nan, lafiya lau, ko gargada babu, tana bayani cewa duk wanda ya sha gari bai warke ba, yaƙini ne ya rasa.

Saboda haka in ka ji mai magana a kan lafiyarka, duba ko yana da inda saninsa ya tsaya, kuma me ya samu waɗanda suka bi shi. Hausawa sun riga sun faɗa: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.