Mudun Ƙasa

Sai da ruwa ya shekara uku da shanye Haɗeja, sannan Malam Barau ya haƙura ya je zaɓar jirgin ruwan da za su zauna a ciki, irin mai tafiya da iska. Dillali na ta nuna masa makwanci da madafa, shi kuwa idonsa na kan wani mudu cike da ƙasa.

"Wannan fa?"

"Rabonku ne, Baba. Doka ce, kowane jirgi mudu ɗaya."

Barau, mai gona bakwai a da, ya damƙi ƙasar ya shinshina.

"Mu biyu ne, ni da tsohuwata. In ɗaya ya rasu fa?"

Dillalin ya kau da kai. "Sai a barbaɗa rabi a kan likkafani, a ajiye wa ɗayan sauran."