Tabon Wuyan Yahya

Ana cikin cin shinkafar rana Alhaji Abdulghani ya lura da hannun ɗansa. Faratan hagu an yanke su har nama, na dama kuwa suna nan yadda suke. Ya ci gaba da kai loma.

Yahya saurayi ne mai natsuwa, magatakarda a tashar jiragen ruwan Jidda, kuma an sa ranarsa da Fatsuma, 'yar Liman Salihu na unguwar Balad. Liman kuwa ko rediyo bai yarda ya kwana a gidansa ba. Shi ma Alhajin, tun da ya ƙetaro daga Sudan ya buɗe shagon yadi, ba wanda ya taɓa jin ko fito a bakinsa. Da kiɗa ya tashi a gidan biki, shi ne farkon mai neman takalminsa.

Bayan farata sai ga wani jan tabo a ƙarƙashin muƙamuƙin yaron, gefen hagu. Uwarsa Madina ta ce ƙurajen zafi ne. Ƙurajen zafi a wuri ɗaya tak? Ranar wanki Alhaji ya ga farin gari a kafaɗar rigar Yahya, ya lakato ya shinshina. Ƙaro ne, irin wanda masu goge ke goga wa tsirkiya.

"Kai, ina kake zuwa bayan la'asar?"

"Aiki ne ya yi yawa, Baba," in ji Yahya, idonsa a ƙasa.

Ƙarya tsagwaronta! Tsoro ya kama Alhaji ba na wasa ba. Idan ya shiga kunnen Liman cewa surukinsa ɗan goge ne, shi ke nan, aure ya mutu, yaron kuma ba zai ƙara ɗaga kai a unguwa ba. Shi ya san abin da wannan sana'a take jawo wa mutum.

Wata Laraba ya rufe shago da wuri ya bi bayansa, lungu-lungu, har yaron ya shige wani tsohon bene. Mai shayin ƙofar gidan ya ce nan Ustaz Husaini yake koyar da fiyola, gogen Turawan nan mai kaurin murya, ga samari masu neman aiki a gidan rediyo. Ƙanin Liman, da ke zaune yana shan shayi, ya ga fuskar Alhaji, ya ajiye kofi ya biyo shi don ya ga ƙwaf.

A bakin ƙofar ɗakin Alhaji ya tsaya. Kiɗa na fitowa a hankali, mai nauyi, mai sa mutum ya tuna gida. Da aka zo wani wuri sai sautin ya ƙeƙashe. Aka sake, ya sake ƙeƙashewa a daidai nan. Alhaji ya ciji leɓe, zufa ta keto masa. Aka sake na uku.

Sai ya banke ƙofa.

Yahya ya daskare. Ustaz Husaini ya miƙe yana ba shi haƙuri da Larabci, "Ya ammi, sabur, sabur," amma ina, Alhaji ya riga ya fizge fiyolar. Ya ɗaga ta sama, ɗalibai suka runtse ido suna jiran ƙarar fashewar katako. Ƙanin Liman ya gyara tsayuwa a bakin ƙofa, ransa fari.

Alhaji ya dube shi, ya san sarai inda maganar za ta kwana. Ya dubi ɗansa, ya ga hawaye ya cika masa ido. Sannan ya kafa fiyolar a wuyansa, ya ja tsirkiya, wurin nan mai gardama ya fito sumul, har Ustaz Husaini ya zame ƙasa ya dafe kai.

"Ka saki kafaɗarka, ja'iri," in ji Alhaji. "Wannan kiɗan da kake yi wa kisan gilla ni na tsara shi, ni na buga shi a dandalin Alƙahira, kuma ni na koyar da wanda ya koyar da malamin nan naka."